Mai Tambayar Sirri, Shi Wa Ya Tambaye Shi?

A ƙasar Hausa ba a faɗa wa gidan mutane da ka. Baƙo ya tsaya ƙofar zaure ya yi sallama, a amsa masa, sa'annan a turo yaro ya ji ko wane ne, kuma wurin wa ya zo. In dare ya yi tambayar sai ta ƙara tsauri, domin wanda ya buga ƙofa ya ce "ni ne" bai faɗi komi ba tukuna, kuma maigida ba ya zare sakata sai ya ji muryar da ya shaida. Da wannan tarbiyya kowane yaro ya tashi, daga Tawa har Damagaram. Abin mamaki, mutumin nan da ba ya buɗe wa inuwa ƙofar gidansa, in ya zauna gaban kwamfuta a biro sai ya manta da tarbiyyar sarai. Wata ƴar taga ta ɓullo tsakiyar fuskar na'ura, da hoton kwaɗo a gefenta, ta ce a rubuta kalmar sirri. Kafin ya ƙare karanta abin da ta ce, yatsunsa sun riga sun cika umurni.

Dalilin wannan mantuwa a fili yake. Tun ranar da aka zaunar da mutum gaban na'ura karo na farko, abu guda aka koya masa: in ta tambaya, ka amsa. Wanda ya yi lakwal kuwa ya saba da haka tun yana ƙarami, domin mushe ke tambaya ɗalibi ya ba da amsa, kuma takardar gwamnati in ta bar gurbi, cika shi ake yi, ba a yi mata gardama. An ƙago kalmar sirri ne don na'ura ta tabbatar da wanda ke zaune gabanta, amma ba a tanadi wata kalma ba wadda shi mutumin zai nema wurin na'ura don ya tabbatar da mai yi masa magana. Ta wannan ƙofa da aka bari buɗe ɓarayi ke shiga yau fiye da shekara 50.

Ranar biyan albashi

Akwai wani dattijo a Maraɗi, kwantabul a gidan kasuwancin wani Alhaji mai shigo da kayan masarufi. Ya fara aiki tun zamanin babban littafin lissafi da keken rubutu, kuma duk tsawon shekarun nan ba a taɓa kama dala guda ta ɓace a hannunsa ba. Wannan ita ce dukiyarsa, domin gidan da yake ciki na gado ne, motar da yake shiga kuwa ta Alhaji ce. Wata shekara Alhajin ya komo daga Dubai ya kawo masa tsaraba, kwamfutar hannu ta kamfanin Apple, ɗan ƙanwarsa da ya yi karatun na'ura a Yamai shi ya shirya masa ita.

Wata Alhamis ta ƙarshen wata, bayan azahar, yana tsakiyar haɗa jerin albashin da zai aika banki, direbobi da masu gadi suna zaune gindin bedi suna jira, sai taga ta ɓullo. Da Faransanci ta yi magana, ta ce wani mai suna accountsd yana son ya yi aiki da "trousseau", a rubuta kalmar sirri. Faransanci ba ya ba dattijon wuya, ya san kalmar na nufin ƙullin mabuɗai irin wanda magajin sito ke ratayawa a ƙugu. Sunan mai roƙon ne bai taɓa gani ba. Ya danna wurin sokewa, tagar ta ɓace, ba a yi minti guda ba ta dawo. Ya sake, ta sake. A karo na uku ya janye hannuwansa, ya rufe na'urar, ya ɗauki salula ya kira ɗan ƙanwar tasa, wanda ya ce ba zai samu zuwa ba sai bayan magariba.

Kafin la'asar Alhaji ya bugo. "Malam, me ya tsai da albashin yara?" Dattijo ya ce: "Alhaji, a yi mini haƙuri zuwa gobe da safe. Akwai mai neman mabuɗi a wurina, ni kuwa ban shaida shi ba." Alhaji bai ji daɗi ba, masu jira a waje ma haka, har wani direba ya ce tsufa ne ya fara kama Malam.

Da saurayin ya iso ya buɗe na'urar, sai ya yi dariya. "Kawu, ai wannan na gida ne. Shi ke kula da akwatin wasiƙunka." Ya bayyana masa cewa makon da ya wuce, lokacin da kawun ya manta kalmarsa shi kuma ya sa masa sabuwa ta hanyar nasa gurbin na mai kula da na'ura, ƙullin mabuɗan ya zauna kulle da tsohuwar kalma, shi ya sa ƴan aikin na'urar ke ta zuwa roƙo. Dattijo ya saurara har ya ƙare, sa'annan ya ce: "To ɗana, da me ka gane na gida ne?" Ya ce: "Da sunansa, Kawu." Ya ce: "Sunan, wa ya rubuta shi a wurin?" Saurayin ya buɗe baki zai amsa, sai ya yi shiru, domin ya san amsar: wanda ya zana tagar shi ya rubuta sunan. Abin da ya sa shi ya tabbata kuwa wani abu ne da ba ya cikin tagar ko kaɗan, wato sanin da ya yi cewa da hannunsa ya canza kalmar kwana bakwai da suka wuce. Ya buɗe wa kawun sabon ƙullin mabuɗai, tunda tsohuwar kalma ta tafi, tagar ba ta sake dawowa ba, aka biya albashi da safe kafin a tafi masallacin Juma'a.

Tagar nan ta gaskiya ce, babu ɓarawo a bayanta. Duk da haka dattijon bai yi kuskure ba, kuma wanda ya fahimci dalilin haka ya fahimci zancen duka.

Riga ba ta shaidar mai ita

Cikin kowace kwamfuta akwai ɗaruruwan ƙananan manhajoji masu aiki a ɓoye, kamar barorin babban gida. Wannan ya daidaita agogo, wancan ya je ɗauko wasiƙu, wani ya tsare layin takardun da za a buga. A na'urorin Apple da yawansu sunansu na ƙarewa da harafin "d", irin su accountsd da securityd, sunaye ne da injiniyoyi suka raɗa don amfanin kansu, ba don mai shago ko sakatariyar biro ba. In ɗayansu ya buƙaci izini, sai a aiko taga. Matsalar ita ce taga zane ce kawai. Duk manhajar da ta samu shiga cikin na'ura tana iya zana irinta, da kwaɗon, da tambarin kamfanin, da duk sunan da ta ga dama. A cikin na'urorin Apple akwai wani kayan aiki mai suna osascript da ke zuwa tare da su tun daga masana'anta; layi guda na rubutu ya isa a sa shi ya fito da taga mai neman kalmar sirri, har da ɗige-ɗigen nan baƙaƙe masu ɓoye haruffa. A Windows ma kamfanin Microsoft ya ba masu ƙera manhaja hanyar kiran tagar neman kalma don aikin halal, kuma hanyar ba ta tambayar niyyar mai kira. Rigar dogari tela ke ɗinka ta, wanda duk ya biya kuɗɗin yadi zai samu.

Akwai haɗari na biyu da ya fi wannan ɓoyuwa. Wani lokaci tagar ta gaskiya ce, babbar manhajar na'urar ce ta zana ta, amma wanda ya sa aka zana ta mugu ne. Muguwar manhaja ta je ta roƙi ikon maigida, na'ura kuma ta juyo ta tambayi mai ita ko ya yarda. In ya rubuta kalmar, ya ba baƙon izinin ya taɓa duk abin da ke ciki. Ashe ko an shaida dogarin, da sauran tambaya: saƙon wa ya kawo?

Masana sun san da wannan tun da daɗewa. A shekarar 1961, a jami'ar MIT ta Amurka, Fernando Corbató da abokan aikinsa suka ƙera tsarin CTSS, wanda ya ba mutane da yawa damar aiki da babbar na'ura guda a lokaci guda, kowa da kalmarsa. Shekara ba ta zagayo da kyau ba, a 1962, wani ɗalibi mai suna Allan Scherr, wanda awa 4 da ake ba shi a mako ba ta isarsa, ya sa na'urar ta buga masa jerin kalmomin kowa a takarda. Bayan haka wata dabara ta yaɗu a jami'o'i: ɗalibi ya rubuta ƴar manhaja mai kwaikwayon fuskar shiga, ya bar ta a kunne ya tashi, wanda ya zauna bayansa ya rubuta sunansa da kalmarsa, manhajar ta adana su, ta ce masa ya yi kuskure ya sake. Shi ya sa a 1983, da ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar da ƙa'idojinta na tsaron kwamfuta, ta shar'anta wa na'urori masu riƙe manyan asirai abin da ta kira amintacciyar hanya, wato wata alama da mutum zai yi wadda babu manhajar da ke iya tare ta, sai uwar na'urar kaɗai ke amsawa.

Masu aiki da Windows sun san alamar nan ko da ba su san tarihinta ba. Ita ce maɓallan nan uku, Ctrl da Alt da Suppr, waɗanda injiniyan kamfanin IBM David Bradley ya haɗa don sake tada na'urar da ta cije, a kwamfutar da kamfanin ya fitar a 1981. A 1993 Microsoft ta ɗauke su ta sa su ƙofar shiga Windows NT, bisa hujjar cewa in mutum ya danna su, fuskar da za ta fito ba ta ɗan kwaikwayo ba ce. Hikimar da ke ciki ita ce mutum ne ke fara kira, na'ura ta amsa. A tagar da ta ɓullo da kanta kuwa, al'amarin ya juye.

Sabo turken wawa

Da kamfanonin sun tsaya bisa wannan hikima da an huta. Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Da Windows Vista ta fito kasuwa a watan Janairu na 2007, ta zo da tsarin neman izini kafin kowane babban canji: fuskar na'ura ta dushe, taga guda ta rage da haske. Niyyar mai kyau ce, sai dai tambayoyin sun yi yawa har mutane suka koyi danna "i" ba tare da karantawa ba, dole a 2009 Windows 7 ta rage su. Apple ma ta shekara da shekaru tana fito wa masu salularta da tagar neman kalma a tsakiyar wani aiki dabam, ba bayani ba dalili. Mai gadin da ake tasa sau ashirin a dare guda don buɗe wa ƴan gida, a na ashirin da ɗaya idonsa rufe zai zare sakata.

A watan Oktoba na 2017 wani masanin manhaja ɗan ƙasar Ostiriya, Felix Krause, ya nuna wa duniya iyakar abin. Da rubutu ƙasa da layi 30 ya ƙera taga a iPhone wadda ido ba ya rarrabe ta da ta Apple, ya ajiye hotunan biyu gefe da gefe. Ya kuma ba da gwaji mai sauƙi: mutum ya danna maɓallin komawa babbar fuska, in tagar ta tafi tare da manhajar da yake ciki, ta ƙarya ce, in ta tsaya, daga uwar na'urar ta fito.

Wanda zai ce wannan tarko na jahilai ne, ya ji labarin Steven Frank, domin an ce gwani ruwa ke ci. Frank ɗaya ne daga mutum biyu da suka kafa kamfanin Panic a birnin Portland na Amurka, kamfanin da ya yi suna wajen ƙera manhajojin na'urorin Apple tun ƙarshen shekarun 1990. Akwai wata sananniyar manhaja ta kyauta mai juya bidiyo, HandBrake, wadda wani Bafaranshe ya fara ƙerawa a 2003. Tsakanin 2 da 6 ga watan Mayu na 2017, ɓarayi suka kutsa cikin ɗaya daga rumbunan da ake sauke ta, suka musanya ta da wadda suka cusa wa muguwar manhaja mai suna Proton. Masu HandBrake da kansu suka sanar cewa duk wanda ya sauke ta a na'urar Apple cikin kwanakin nan, ko dai ya kamu ko ya tsira, rabi da rabi ne. In an buɗe gurɓatacciyar, sai ta fito da taga ta ce tana buƙatar ƙarin kayan aiki, a ba ta kalmar sirri. Da ta samu, sai ta zauna cikin na'ura da sunan activity_agent, suna mai kama da na ƴan gida.

Frank ya sauke ta cikin kwanakin, tagar ta fito, ya rubuta kalmarsa ya wuce. Da bakinsa ya ba da labarin a rubutun da ya yi cikin watan, ya ce bai tsaya ya tambayi kansa ba me manhajar juya bidiyo za ta yi da ikon maigida, alhali ba ta taɓa nemansa ba a baya. Kafin labarin kutsen ya iso gare shi, ɓarayin sun yi amfani da mabuɗansa sun kwashe asalin rubutun manhajoji da dama na kamfanin, wato jarinsa na shekaru. Suka aiko wasiƙa suna neman fansa mai yawa da kuɗɗin Bitcoin. Kamfanin ya ƙi biya, ya sanar da Apple da ƴan sandan FBI, ya kuma gaya wa abokan cinikinsa gaskiya. Mutumin da ya san cikin na'ura kamar yunwar cikinsa ya faɗi a inda kwantabul na Maraɗi ya tsallake, kuma abin da ya raba su ƴan daƙiƙu ne na tsayawa.

Sata ta zama kasuwa

A yau ɓarawo ba ya buƙatar ya zama gwani. A watan Afrilu na 2023 masu bincike suka gano wata muguwar manhaja, Atomic Stealer, ana tallarta a Telegram, haya dalar Amurka 1000 a wata, wajen jikka 600 ke nan na sefa a lokacin. Tana zuwa a ɓoye cikin manhajojin sata da tallace-tallacen ƙarya, ta fito da taga da sunan saitin na'ura, in mutum ya rubuta kalmar da ba daidai ba ta sake tambaya har sai ya ba da ta gaskiya. Da ita take buɗe ƙullin mabuɗai ta kwashe kalmomin da aka adana, da na banki da na wasiƙu.

Wasu kuwa gajiyar da mutum suke yi. A watan Satumba na 2022 wani ɓarawo da ya riga ya mallaki kalmar wani ɗan kwangilar kamfanin Uber ya yi ta gwada shiga, kowane gwaji na sa salular ɗan kwangilar ta nemi amincewarsa. Ya yi ta ƙi, saƙonnin suka yi ta zuwa, daga ƙarshe ya amince da guda, ƙofar kamfanin ta buɗe. A watan Maris na 2024 ɗan jaridar Amurka Brian Krebs ya ba da rahoton masu iPhone da aka yi wa ruwan saƙonnin sake kalmar sirri, wani ya samu fiye da 100. Bayan sun ƙi duka, sai a kira su da lambar da ke nuna kamar ta Apple ce, a ce an ga ana kai musu hari, su faɗo lambar da aka aiko musu don a taimake su. A nan saƙonnin na gaskiya ne, daga kamfanin suke fitowa, ɓarawo ne dai ke tada su.

Kada mai karatu ya ce wannan rigimar Turawa ce. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin bincike na Group-IB da sashen tsaro na kamfanin Orange suka fitar da rahoto bisa wani gungu mai magana da Faransanci, OPERA1ER, wanda tsakanin 2018 da 2022 ya kai hari fiye da 30 kan bankuna da kamfanonin sadarwa, akasari a Afirka, ya sace aƙalla dalar Amurka miliyon 11. Nijar na cikin jerin ƙasashen da rahoton ya ambata. Ƙofar shigarsu wasiƙu ne da aka tsara da Faransanci mai kyau, masu kama da na ma'aikatar haraji ko na ɗaukar aiki, ma'aikaci ya buɗe, muguwar manhaja ta zauna tana tattara kalmomi. Kuma kowa ya san yadda ake cika na'urori a birane: a kai wa mai gyara, ya fito da ƴar kile ɗinsa mai ɗauke da manhajojin da ba a saya ba, kowace in za a sa ta sai ta nemi ikon maigida, a ba ta. Wanda bai san asalin abin da ke cikin na'urarsa ba, da wuya ya san wanda ke yi masa magana daga cikinta.

Tambaya guda kafin yatsa ya motsa

Maganin bai buƙaci digiri ba. Kafin a dubi suna ko tambari, mutum ya tambayi kansa: me na yi yanzun nan da ya jawo wannan tambaya? In shi ya kunna na'ura, ko ya sa manhajar da ya san inda ya samo ta, ko ya shiga saiti zai canza wani abu, ko ya sabunta babbar manhaja, ko ya sake kalmarsa kwanan nan, to tambayar na da uba. In kuwa yana tsakiyar buga wasiƙa ne ko kallon bidiyo ta faɗo, ya soke ta. Sokewa ba ta ɓata komi; mai buƙata ta gaskiya zai jira, iyaka wani aiki ya tsaya na ɗan lokaci. Sa'annan ya tafi da ƙafarsa inda abin yake, ya buɗe saitin na'ura ko manhajar wasiƙu da kansa. In da gaske ana neman kalmar, can zai tarar ana nema, kuma a can shi ne mai ƙwanƙwasawa.

Taga mai gaggawa, mai barazanar cewa za a rufe akwati ko a share takardu in ba a amsa yanzu ba, ta tona kanta, domin gaggawa aikin shaiɗan ce. Wadda ta ƙi barin mutum ya taɓa komi sai ya amsa, a kashe na'urar a kira wanda ya sani. A Windows, tagar izini ta gaskiya tana dusar da sauran fuskar kuma tana faɗin sunan mai manhajar in an tabbatar da shi. In ta ce ba a san shi ba, kashedi ne. Na'urar da ke karɓar zanen yatsa, gara a yi aiki da shi, domin zanen ba ya fita daga ma'ajinsa, tagar ƙarya ba ta da abin da za ta kwasa, ko da yake yatsa ma ba a ɗora shi don roƙon da ba a san mai shi ba. Ya kyautu kuma gurbin aikin yau da kullum ya zamanto dabam da gurbin mai iko, kalmar banki kuma dabam da ta na'ura, don in aka sace mabuɗin ɗaki kada ya buɗe sito. Mai kira a salula ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, a faɗa masa lambar sirri, hukuncinsa ɗaya da tagar: a katse, a nemi kamfanin ta lambar da aka sani.

In tsautsayi ya riga ya faɗa, kunya ce babbar abokiyar ɓarawo. Ma'aikaci ya ji a jikinsa ya yi kuskure, amma tsoron faɗan darekta ya sa ya yi shiru har kwana uku, alhali sa'o'in farko su ne masu tsada. Abin yi shi ne a raba na'urar da intanet nan take, a ɗauki wata na'ura dabam a canza kalmomi, a fara da ta akwatin wasiƙu tunda ta nan ake sake sauran, a sanar da banki, a gaya wa shugaba, sa'annan a ba masani na'urar ya wanke ta tun daga tushe. Kamfanin Panic ya yi asara, amma sunansa bai ɓaci ba, saboda mai laifin ya fito ya faɗa da wuri.

Sauran magana tana wuyan shugabanni, daga Alhazan kasuwa har daraktocin ma'aikatu. Ma'aikacin da aka tsawata wa don ya jinkirta aiki yana tantama, gobe ba zai sake tantama ba, zai rubuta kalmar ya huta da faɗa. Wanda aka wulaƙanta gaban jama'a don ya faɗi kuskurensa, na kusa da shi ya koyi ɓoyewa. Biron da ke son dukiyarsa ta kwana lafiya sai ya sanar da ma'aikatansa tun da wuri cewa mai soke taga ba shi da laifi, ya kuma rubuta musu lambar wanda za su kira a jikin bango kusa da kalanda. Albashin da ya kwana guda bai fita ba ana mantawa da shi kafin sati ya zagayo. Kuɗɗin da suka fita ta hannun wanda ba a shaida ba kuwa, sai a yi shekaru ana zarya tsakanin banki da kotu, mai riƙon amanar yana zaune gida ana nuna shi da yatsa.